Wa zai ɗauki mai bincike haya a ƙauyenmu?

Ɗan Ringim:
Assalamu alaikum. Na daɗe ina karanta naku ina shiru, yau dai na kawo nawa a duba mini. Tun hutun damina nake rubuta wasu gajerun labarai, yanzu sun kai huɗu, kuma jarumi ɗaya ne a cikinsu duka: mai binciken laifi wanda ba ma'aikacin kowa ba ne, yana tsaya wa wanda aka zalunta. Na sa masa suna Sufeto Garba. Tsohon ɗan sanda ne da ya ajiye aiki, ya dawo ƙauyensu ya buɗe ofis a bakin kasuwa.

Ga na farkon a taƙaice. Wani magidanci ya jinginar da gonarsa a 1989 don ya yi wa matarsa magani. Bai fanshe ba Allah ya yi masa rasuwa, ya bar yara ƙanana. Da babban ya kawo ƙarfi, ya yi shekaru yana ci-rani a Legas ya tara abin da ya tara, sai ya zo fansar gonar ubansa. Alhajin da ke riƙe da gonar ya fito da takarda, wai ai sayarwa aka yi, ga sa hannun shaidu biyu, ɗaya ya rasu, ɗaya ya tsufa tukuf. Sufeto ya karɓi takardar ya yi ta kallo. A samanta an rubuta Jihar Jigawa, a ƙasa kuma kwanan wata na 1989. Alhali sai ranar 27 ga Agusta 1991 gwamnatin Babangida ta cire Jigawa daga Kano. Aka je kotu, Alhaji ya sha kunya, gona ta koma hannun masu ita.

Don Allah a faɗa mini gaskiya, ba na jin haushi.

Autan Kazaure:
Kai! Wallahi ni ban lura ba sai da ka faɗa. Ni fa an haife ni na tarar da Jigawa, ban taɓa tunanin akwai lokacin da babu ita ba. Amma Yaya, ina aka yi dambe? Sufeto ba shi da ko 'yar bindiga? Ko bin ɓarawo a kan babur babu?

Maman Ummi:
Wa alaikumus salam. Dabarar takardar ta burge ni, ba zan ɓoye ba. Amma ƙanena, ofis a bakin kasuwa? A wane ƙauyen? Ni 'yar gefen Dambatta ce, na san halinmu. Ranar da mutum ya kafa allo ya rubuta yana binciken sirrin mutane, kafin la'asar an sa masa suna. Ba Sufeto za a ce ba, Garba Gulma za a ce. Duk wanda aka gani ya shiga ofishin nan, kafin ya fito gari ya ɗauka wane ya kai ƙarar wane. Sannan wa ke biyansa? Yaron da ya sha wahalar Legas ya tara kuɗin fansa, da me zai sallami Sufeto, da tiya biyu ta gero?

Ɗan Ringim:
Yaya Maman Ummi, ai na ce fansho yake ci, don Allah yake yi.

Maman Ummi:
Fansho? To lallai labari ne.

Baba Saje:
'Yar nan kin taɓo mini inda yake mini ƙaiƙayi, amma bari in bar zancen fansho.

Ɗana, sannu da ƙoƙari. Na yi aikin ɗan sanda har gashina ya yi fari, yawanci a ƙauyuka, kuma abu ɗaya zan faɗa maka. Duk zamana a karkara, da wuya in tuna laifin da aka yi wanda mutanen gari ba su san mai shi ba. An sace akuya, sun san wa ya sata, sun san mahaucin da ya saya da asuba, sun san gidan da aka ci kayan cikin. An ƙone wa mutum damin dawa, sun san wanda suka yi cacar baki da shi a wurin ɗaurin aure. Kai baƙo da kaki kai kaɗai ne ba ka sani ba. Ka tara su a ƙofar gidan mai unguwa ka ce wa ya gani, sai kowa ya sunkuyar da kai yana zane a ƙasa. Wani ya ce yana gona, wani ya ce idonsa ba ya gani da dare. Ba ƙarya suke so ba. Ɓarawon nan ɗan ƙanwar matar wani ne, ko ubansa ne ya ba su rancen taki bara, kuma gobe a sahu ɗaya za su yi sallar asuba, kai kuwa an yi maka canjin wurin aiki ka tafi.

To a labarinka, kana tsammanin akwai dattijo ɗaya a garin nan da bai san jingina aka yi ba? Duk sun sani. Tsohon nan da ya rage cikin shaidu, shi ne labarinka, kai kuwa ka wuce shi a layi ɗaya ka tafi wajen takarda.

Anti Malama:
Baba ya gama magana, amma bari in ƙara da abin da muke koyarwa, don a ga daga ina wannan jarumin ya fito. Irin wannan labari ɗan birni ne tun haihuwarsa. Ba'amurke Edgar Allan Poe ya fito da nasa mai binciken a 1841, kuma a Paris ya zaunar da shi. Sherlock Holmes na Conan Doyle ya bayyana a 1887, a Landan, garin da mutane miliyoyi ke kwana ba wanda ya san sunan maƙwabcinsa. A wuri irin wannan tambayar "wa ya yi?" tambaya ce ta gaske, don mai laifi yana iya narkewa cikin taro kamar gishiri a miya. Shi ya sa ake buƙatar mai kaifin ido da zai karanta tokar taba da laka a takalmi.

Mu kuwa wane taron za a ɓace a ciki? Baƙo ya sauka daga mota a tasha, kafin ya kai masallaci an san gidan da ya nufa.

Wani abin kuma, masu wannan sana'a na gaske ba waliyyai ba ne. Vidocq da ya buɗe ofishin bincike mai zaman kansa a Faransa a 1833 tsohon ɗan gidan yari ne. Kamfanin Pinkerton na Amurka kuwa masu masana'antu sun sha ɗaukar mutanensa don murƙushe ma'aikata masu yajin aiki, har aka zubar da jini a masana'antar ƙarfe ta garin Homestead a 1892. Wato a zahiri mai kuɗi ne ke ɗaukar mai bincike. Da a ce akwai Sufeto Garba na gaske, Alhajin ne zai fara zuwa ofishinsa, ba marayan ba. Marubuta ne suka juya shi ya koma gatan talaka, kuma ba laifi ba ne, amma sai ka ba mu dalilin da ya sa naka ya juya.

Autan Kazaure:
Anti, Allah ya ƙara ilimi, amma kun fara kashe mini Sufeto tun bai yi labari na biyu ba.

Lauyan Wudil:
Ni ta ɓangarena zan duba. Ɗan uwa, lauyan Alhaji ba zai tsaya kan takarda kawai ba. Abu na farko da zai ɗaga a kotun shari'a shi ne hauzi. A fiƙihun Malikiyya da kotunanmu ke aiki da shi, wanda ya riƙe ƙasa shekara goma yana nomawa, mai ita yana gari yana gani bai ce uffan ba, kuma ba dangi ba ne, to an toshe bakin mai da'awa. Tsakanin dangi wa'adin ya fi haka tsawo nesa ba kusa ba. Amma hauzi ba ya cin gonar da aka karɓa aro ko jingina, kuma ba a lissafa shirun yaron da bai balaga ba. Ka ga ke nan duk shari'ar ta dawo kan kalma ɗaya: jingina ce ko ciniki?

Takardar jabu ta rushe hujjar Alhaji, na yarda. Sai dai rushewar hujjarsa ba ita ce tabbatar taka ba. Gona tana hannunsa, yaron ne mai da'awa, shi za a ce ya kawo shaidu. A harkar dukiya maza biyu ne, ko namiji ɗaya da mata biyu, ko shaida ɗaya haɗe da rantsuwar mai da'awa. Ka ga mun koma gidan tsohon da Baba Saje ya faɗa. In ya buɗe baki, yaro ya rantse, an gama. In ya yi shiru, Sufeto ya tafi da takardarsa ya liƙa a bango.

Wani ɗan gyara kuma: Alhaji zai iya cewa asalin takardar gara ta cinye, wannan sake rubutawa aka yi daga baya, magatakarda ya sa Jigawa bisa sabo. Ka tanadi amsar wannan.

Ɗan Ringim:
Barista, wannan ta ƙarshen na tanada. Alhaji ya riga ya rantse gaban dagaci cewa ita ce ta asali, a gabansa marigayin ya dangwala. Shi ya sa Sufeto bai nuna kuskuren ba sai da ya bari ya faɗi haka a gaban mutane. Amma zancen hauzi wallahi ban san shi ba sai yau.

Lauyan Wudil:
To wannan ta yi. Ka bar shi ya ɗaure kansa da igiyarsa tukuna.

Malam Na Birnin Kudu:
Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina ta bin zancen. Malama ta kai mu Landan da Paris, to ni bari in dawo da mu kan allo. Wanda duk ya yi karatu ya wuce ta Suratu Yusuf. Da aka yi jayayya tsakanin Annabi Yusuf, alaihis salam, da matar Aziz, ba wanda ya gani, sai wani daga danginta ya ce a duba rigar: in ta gaba ta yage, ita ce mai gaskiya, in ta baya ce, shi ne. Aka duba, ta baya ce. Tun farkon surar ma akwai wata rigar, wadda 'yan uwansa suka shafa wa jinin ƙarya. Malaman tafsiri sun ce Annabi Yaƙub ya lura rigar ba ta yage ba, wane irin kyarkeci ne zai cinye yaro ya bar riga lafiya? Ga kuma hukuncin Annabi Sulaiman tsakanin mata biyu da jariri ɗaya, da ya ce a kawo wuƙa a raba, uwar gaske ta ce a bar wa waccan. Malamai suna kiran irin wannan ƙarina, wato alamar da ke nuna gaskiya ko da ba shaida. Saboda haka karanta alama ba baƙon abu ba ne a wurinmu.

Amma ɗana, akwai iyaka. A Suratul Hujurat, aya ta 6 ta ce in fasiƙi ya zo da labari a yi bincike, aya ta 12 kuma ta hana bin diddigin asirin mutane. Sura ɗaya ce ta ɗauki duka biyun. Jaruminka ya bi haƙƙin wanda aka zalunta, wannan alheri ne. Amma in ka sa shi yana laɓe a bayan katangar mutane yana sauraron miji da mata, ka fitar da shi daga mutanen kirki ko da ya kama ɓarawo ɗari.

Maman Ummi:
Allah gafarta Malam, ai nan ne ma nake so in zo. Ko ya so laɓewa, ina zai shiga? Namiji baligi iyakarsa zaure. Rabin abin da ke faruwa a gari a cikin gida yake faruwa, inda aka rubuta ba shiga. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, dillaliya ce. Da ƙullin atamfa da kwanukan sayarwa take shiga gida goma a yini. Ta san matar da ta sayar da 'yan kunnenta a ɓoye, ta san gidan da aka fara cin nama alhali maigidan bai sayar da ko buhu ɗaya ba, ta san wadda ta fasa zubin adashi da wadda ta ninka hannu biyu kwatsam. Ba laɓe take ba, ana ba ta tabarma da ruwa, a gaya mata da baki. Akwai shekarar da aka sace zannuwan lefen wata yarinya, aka ɗora wa 'yar riƙon gidan, aka yi mata dukan da har yau in na tuna raina yana ɓaci. Bayan sati uku aka kawo wa Inna turmi biyu ta sayar, daga wani gida can ƙarshen gari. Ta gane su, don ita ta sayar da su tun farko, har da ɗan tabon da ke gefen ɗaya. Ba ta yi shela ba. Ta je ta sami uwar gidan su biyu a ɗaki, washegari kaya suka koma inda suka fito, aka ce wai an tsince su a bayan rumbu. 'Yar riƙon dai ba wanda ya ba ta haƙuri.

In kana son mai bincike a ƙauye, ga ta nan. Dillaliya, ko mai kitso, ko ungozoma.

Anti Malama:
Maman Ummi, ki rubuta wannan da kanki mana! Gasar Hikayata ta BBC Hausa tun 2016 aka fara ta, a matsayin gasar gajerun labarai ta mata zalla. Kina zaune da labari a hannu kina ba wa wani kyauta.

Maman Ummi:
Anti rufa mini asiri, ni da ko wasiƙa sai na yi ta gogewa.

Jauron Guri:
Ku yi haƙuri na shigo a makare, sai yanzu na sami sabis. Kun yi ta cikin gida, bari in yi ta daji. Mu a wajenmu mai bincike yana nan tun kaka da kakanni, sunansa mai bin sawu. Akwai wani kawuna, ya rasu yanzu. In an kore shanu da dare, shi ake tasowa kafin rana ta fito, kafin iska da ƙafafun mutane su ɓata ƙasa. Ya durƙusa ya duba, ya ce mutum uku ne, ɗaya yana ɗingisa ƙafar hagu, kuma gudu suke kora su ba tafiyar kiwo ba, don ba su tsaya cin ciyawa ba. Ya murza kashin shanu a hannu ya ce tun wajen tsakar dare suka wuce nan. Sawun da ƙwaro ya bi ta kansa ya san ya kwana, wanda bakinsa ke da kaifi ya san sabo ne. Kuma ya san ranakun kasuwa kamar sunayen 'ya'yansa: in daren Laraba aka yi satar, hankalinsa na Maigatari don Alhamis take ci, in an kwana biyu a nemi Wudil ranar Juma'a ko Gujungu ranar Lahadi. Ya isa kara ya zauna wajen dillalai yana shan fura kamar ba abin da ya kawo shi.

Amma abin da nake so Ɗan Ringim ya ji shi ne wannan. Sau da yawa aikin kawu ba kama ɓarawo ba ne, kuɓutar da wanda ba ɓarawo ba ne. An sace shanun huɗa a gari, matasa sun ɗauki gora da adda, rugar da ta fi kusa za a nufa, ko da mutanen rugar su ma an kwashe nasu a watan. Na ga ranar da ya tsaya a gaban mutum fiye da hamsin ya ce sawu bai shiga rugar nan ba, ya bi ta gefe ya hau kwalta, kuma a bakin kwaltar ga shaidar tayar mota. Makiyayi ba ya loda sa a mota da tsakar dare. Aka zage shi, aka ce ɗan uwansu ne dole ya kare su. Bai gusa ba sai da dagaci ya iso. Da ya makara da rabin awa, da wani zancen ake yi yanzu.

In za ka rubuta zalunci a karkara, kar ka tsaya kan Alhaji kaɗai. Taron jama'a ma yana zalunci, kuma shi ba a kai shi kotu.

Baba Saje:
Jauro, gaskiya ka faɗa. Na fi tsoron taro da gora a kan ɗan fashi da bindiga.

Uwar Biyu:
Baba, da girmanka, amma tunda ana zancen zalunci kar a tsallake masu kaki. Ƙanena aka zo nema kan rigimar waya, ba ya nan, aka tafi da mahaifinmu, dattijo mai hawan jini, wai sai yaro ya kawo kansa. Kwana uku yana tsare. A bango an rubuta beli kyauta ne, mu dai sai da muka sayar da tunkiya. Ba zan faɗi wurin ba. Daga baya wayar ta fito a hannun wani daban. To Sufeton Ɗan Ringim tsohon ɗan sanda ne, ni kuwa da na ji haka sai na ji ba na sonsa.

Baba Saje:
'Yata, ba zan kare abin da ba shi karuwa ba. An yi, ana yi, kuma na zauna a ofishin da aka yi ina kallo ban iya hanawa ba, don mai igiya uku ba ya gaya wa mai tauraro. Allah ya ba Baba lafiya, ya yafe mana.

Lauyan Wudil:
Hajiya, abin da aka yi wa Baba haramun ne a doka ƙarara. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta hana kama wani a madadin wanda ake zargi, dokar 'yan sanda ta 2020 ta sake nanatawa. Sashe na 35 na tsarin mulkin 1999 kuma ya ce a kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu, kwana biyu. Mutanenmu ba su san wannan ba, shi ya sa ake cin tumakinsu. Ɗan Ringim, da jaruminka zai tsaya a kanta ya karanto wannan a cikin labari, da ka yi aikin da mu lauyoyi muka kasa, don labarinka zai shiga inda takardunmu ba sa shiga.

Anti Malama:
Barista, a yi hattara dai kar labari ya koma darasin doka. Mai karatu yana jin ƙamshin wa'azi yake ajiye littafi.

Autan Kazaure:
To ni yanzu ba wasa nake ba, ku saurare ni. Kowa ya zo ya ce ba haka ake yi a zahiri ba. Mun sani! Wa ya fi mu sani? Gonar kakana ma haka ta tafi, har ya mutu yana nuna mana ita daga nesa in za mu wuce, yana cewa daga wancan dinya zuwa wancan gamba. Ba takardar jabu da aka kama, ba tsohon da ya yi magana, ba komai. To in na sayi data na buɗe labari, sai a sake nuna mini abin da na baro a gida? Ni ina so in ga Alhaji yana gumi a gaban alƙali. Ina so a ƙwace gonar a ba yaron, a yi guɗa. Ko a takarda ne a bar mu mu ci nasara sau ɗaya mana. Yaya Ɗan Ringim, kar ka bari su mayar maka da labari zaman makoki.

Maman Ummi:
Auta, yau ka yi maganar manya. Allah ya jiƙan kaka.

Baba Saje:
Ban ce kar yaro ya sami gonarsa ba, Auta. Cewa na yi kar ta zo da araha. In takarda kaɗai ta ƙwato ta, kai da kanka za ka ji daɗi na minti biyar, sannan ka ce ai tatsuniya ce. Amma a ce tsohon nan, wanda Alhaji ke aika wa buhun masara duk azumi, wanda jikarsa ke aure a gidan Alhajin, ya kwana bai yi barci ba, ya tashi ya dogara sandarsa ya tafi kotu ya ce jingina ce, a gabana aka yi. Wannan guɗar ta fi ƙarfi. Kuma aikin jarumin shi ne yadda zai kai tsohon ga wannan asubar ba tare da ya tsorata shi ko ya saye shi ba.

Malam Na Birnin Kudu:
Kuma yana da abin da zai tuna masa. Ƙarshen Baƙara an ce kada ku ɓoye shaida, wanda ya ɓoye ta zuciyarsa mai zunubi ce. Tsoho mai jiran kabari ya san wannan ayar, ba sai an yi masa tsawa ba. Wataƙila ma a bakin wani almajiri mai tilawa zai ji ta, ba a bakin Sufeto ba.

Anti Malama:
Allah gafarta Malam, ashe kai ma marubuci ne ka ɓoye.

Ɗan Ringim:
Na karanta duka, wasu sau biyu. Da farko raina ya ɗan sosu, ba zan yi ƙarya ba, wata uku ina fama da Sufeto a zo a rushe masa ofis a yini ɗaya. Amma ofis dai ya tafi, na yarda. Kakin ma ina tunanin cire masa saboda maganar Uwar Biyu, ko kuma in bar masa shi ya zama abin da yake jin kunyarsa, mutane suna gudunsa saboda shi, yana neman wanke kansa. Wannan zai amsa tambayar Anti ta me ya juya shi. Ban yanke ba tukuna. Zan ba shi yaya mace, dillaliya, ita ce za ta gano cewa matar tsohon tana da nata bayanin, don ita ta auna hatsin da aka cika kuɗin jinginar da shi. Takardar Jigawa kuwa ba zan cire ba ko za a yanka ni, ita na fi so a duk labarin.

Inda ban yarda da ku ba shi ne wajen Alhaji. Auta ya yi gaskiya, sai ya yi gumi a gaban mutane. Ba zan bari a yi irin ta bayan rumbu ba, a ce an tsinci gona.

Jauro, labari na uku dama kan satar shanu ne, kuma na yi abin kunya, na sa ɓarayin daga ruga ba tare da na ko yi tunani ba. Zan sake shi. In ba damuwa zan bi ka ta akwati ka yi mini bayanin sawu da kyau, kar in rubuta abin da makiyaya za su yi mini dariya.

Jauron Guri:
Ba damuwa, amma sai da yamma, da rana ina fadama babu sabis. Kuma ka fara sanin bambancin sawun sa da na saniya kafin ka zo.

Lauyan Wudil:
Matar tsohon ita kaɗai ba ta cika shaida a dukiya ba fa, sai ka nemo mata ta biyu, ko ka dawo kan mijin.

Ɗan Ringim:
Barista ka bar ni in numfasa mana. Cajina saura kashi huɗu, bari in kai wayar shago. Ranar Lahadi in na dawo daga Gujungu zan turo sabon na farkon.

Autan Kazaure:
Yaya, ko mari ɗaya dai a yi wa yaron Alhaji. Ɗaya tak.

Maman Ummi:
Dillaliyar kuma kar ka sa mata suna irin na 'yan birni. Kuma ba ta ɗaukar jaka, ƙulli take yi a ka.